Dorugu Ɗan Damagaram: Rayuwar Tafinta kuma Malamin Harshe

Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 1852 wani ƙaramin ayari ya sauka a Gure, wadda a lokacin ita ce mazaunin Muniyoma Koso, sarkin ƙasar Muniyo. Madugun ayarin Bajamushe ne mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim. Ya taso daga Kukawa ya nufi Damagaram, da niyyar ya dangana da Tumbuktu. A cikin yaransa akwai wani Bahaushe ɗan kimanin shekara 12, wanda bai daɗe da fita daga bauta ba, sunansa Dorugu. Duk wanda ya ga yaron nan a Gure yana ɗawainiya da raƙuma ba zai kawo a ransa cewa daga bakinsa ne za a ɗebi mafi yawan Hausar da Turai za ta fara nazari a kanta ba.

A yau ɗaliban kwalejojin Gure suna fara darasin Ingilishi bayan sun shafe shekarun firamare da Faransanci. Abu biyu ne ake gwada su a kai, kamar yadda ake gwada takwarorinsu na Kano ko na ƙasar Sin: su saurari magana su fahimta, su kuma karanta rubutu su amsa tambayoyin auna fahimta. Dorugu yana cikin Hausawan farko da tarihi ya adana labarin yadda suka bi waɗannan matakai biyu. Ga ɗalibin kimiyyar harshe, rayuwarsa tana nuna abu guda: kunne ne ke gaba, alƙalami na biye, kuma abin da kunne bai kama ba alƙalami ba ya iya rubuta shi. Wannan ya tabbata a kan Dorugu da ya koyi Ingilishi, ya kuma tabbata a kan Baturen da ya koyi Hausa a wurinsa.

Daga Dambanas zuwa Kukawa

An haifi Dorugu wajajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi, saboda haka yaron ya tashi a gidan da ake aiki da kunne. Zamanin kuwa na yaƙe-yaƙe ne da hare-haren kama bayi. Damagaram tana ƙarƙashin inuwar Barno, tana aika gaisuwa ga Shehu a Kukawa, kuma ƙauyukan da ke kan iyaka su ne suka fi shan wahala. A cikin irin wannan hali aka kama Dorugu yana yaro, aka raba shi da danginsa, aka bi da shi ta Zinder, ya yi ta sauya iyayengiji har ya tsinci kansa a Kukawa a hannun wani Balarabe.

Harshen kasuwa da na fada a Kukawa shi ne Barbarci, wato Kanuri, ga kuma Larabcin fatake da na Shuwa. Yaro bawa ba shi da malami, ba shi da allo. Idan aka aike shi bai gane aiken ba, jikinsa ne zai gaya masa. Wannan ita ce makarantar sauraro ta farko da Dorugu ya shiga, kuma babu wata da ta biyo baya da ta kai ta tsanani.

A daidai wannan lokaci wata tawagar bincike da gwamnatin Ingila ta aiko tana yankin. Ta taso daga Tarabulus a 1850 da Turawa uku: James Richardson, da Barth, da Adolf Overweg, wanda ake kira Tabib. Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya isa Kukawa. Overweg ya ɗauki Dorugu aikin kula da raƙuma, daga baya ya fanshe shi ya ƴanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba na 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth.

Tafiya da Abdulkarim

Ayarin ya bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba na 1852, ya ratsa Muniyo, ya isa Zinder ranar 25 ga Disamba. Daga nan suka bi ta Katsina, suka gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Wurno, suka wuce Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a Sayi, suka shiga Tumbuktu a watan Satumba na 1853. Sun shafe watanni a can ƙarƙashin kariyar Shaihu Ahmad al-Bakkay, kafin su juyo a 1854 ta Kano zuwa Kukawa. A 1855 suka ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marseille, suka ratsa Faransa ta Paris, suka sauka Landan a watan Satumba na wannan shekara.

Idan aka dubi wannan hanya da idon mai nazarin harshe, za a ga yaron ya ratsa ƙasar Barebari, da ta Hausawa masu karin harshe daban-daban, da ta Fulani, da ta Zabarmawa da Sanwai, da ta Buzaye, da ta Tubawa, da ta Larabawa, duk kafin ya cika shekara 16. Barth kansa gwanin harsuna ne, yana tattara kalmomi duk inda ya sauka, kuma daga baya ya wallafa tarin kalmomin harsunan tsakiyar Afirka tsakanin 1862 da 1866. Saboda haka Dorugu ya yi shekara uku yana kallon mutum yana tambayar sunan abu, yana maimaitawa, yana rubutawa. Ya ga yadda ake aikin tattara bayanan harshe tun kafin a zaunar da shi a matsayin mai ba da bayanan. A littafin tafiye-tafiyen Barth mai juzu'i 5, wanda ya fito a 1857 da 1858, akwai zanen hoton Dorugu da Abbega.

A gidan Schön

Barth ya kai yaran Jamus suka ga danginsa, sannan ya shirya mayar da su gida kamar yadda ya yi niyya tun farko. Sai wani limamin mishan ya shiga tsakani. Sunansa James Frederick Schön, shi ma haifaffen Jamus ne, an haife shi a 1803. Ya yi aiki a Saliyo, ya shiga tawagar da ta hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Hausarsa ta farko ya tsince ta ne daga bakin ƴantattun bayi mazauna Saliyo, waɗanda yawancinsu sun daɗe da barin gida. Bai taɓa taka cikin ƙasar Hausa ba. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, inda ya zama limamin wani asibitin sojojin ruwa a Chatham. Da ya ji labarin Bahaushe ɗan asali ya iso Landan, sai ya ga abin nema ya samu. Ya shawo kan yaran suka zauna a gidansa daga 1856. Barth ya ji zafin wannan abu ƙwarai, kuma ɓacin ransa ya fito fili a rubuce-rubucensa na baya.

An yi wa yaran biyu baftisma, aka sa wa ɗaya James Henry Dorugu, ɗayan kuma Frederick Buxton Abbega. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama Maigarin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna Ingila har kusan shekara 8.

A wannan gida aka yi musayar harsuna biyu. Dorugu ya shigo Ingila bai san harafin boko ba. Ingilishi ya fara shiga kunnensa ne a wurin cin abinci, da coci, da kan titi, da bakin mutanen gida, kafin a buɗe masa littafi. Duk wanda ya koyar da Ingilishi ga Bahaushe ya san duwatsun da ke kan wannan hanya. Hausa tana da wasula 5, kowanne da gajere da dogo, Ingilishi kuwa wasulansa sun haura 10. Hausa ba ta bambanta sautin p da na f a matsayin baƙaƙe biyu masu sauya ma'ana. Ba ta kuma jera baƙaƙe a farkon gaɓa, shi ya sa kalmomin aro irin su burodi da fulawa suka sami ƙarin wasali a bakinmu. Bayan haka ga rubutun Ingilishi, wanda harafi ɗaya kan ɗauki furuci iri-iri. Wanda ya fara da littafi yakan karanta kalma yadda ya gan ta, ya kasa gane ta idan ya ji ta a bakin mai harshen. Dorugu ya bi ta ɗaya hanyar: ya riga ya san kalmar da ji, da aka nuna masa ita a takarda sai ya zama yana haɗa fuska ne da muryar da ya sani. Da haka ya iya karatu da rubutu, na Ingilishi da na Hausar boko.

Schön kuma ya zama ɗalibi. Ya zaunar da yaron yana yi masa shifta: tatsuniyoyi, da karin magana, da labarai, da kuma tarihin rayuwarsa tun daga Dambanas har Landan. A cikin wannan tarihi Dorugu ya kwatanta ƙuruciyarsa da kamunsa, da biranen da ya ratsa, da teku da jirgin ƙasa, da yadda mutanen Ingila ke zaman liyafa da tsarin cin abincinsu. Turawa sun saba rubuta abin da suka gani a ƙasarmu. A nan kuwa yaro Bahaushe ne ke duban Turai yana bayyana ta da Hausa, da natsuwar mai lura.

Amfanin wannan zama ya fito a jere. A 1857 Schön ya fitar da littafin koyon karatun Hausa da fassarar wasu sassa na Linjila. A 1862 ya wallafa nahawun Hausa, a 1876 ya wallafa ƙamus, a 1885 kuma ya fitar da *Magana Hausa*, wanda ya ƙunshi tarihin Dorugu da tatsuniyoyinsa. Charles Henry Robinson ya sake fitar da wannan littafi a 1906. Aikin Hausa ya jawo wa Schön kyautar Volney ta Faransa a 1877, da digirin girmamawa na Jami'ar Oxford a 1884. Ya rasu a 1889. Bai ɓoye sunan Dorugu a littattafansa ba, kuma wannan abin yabo ne idan aka dubi al'adar zamaninsa. Sai dai kyauta da digiri sun tafi ga mai alƙalami, mai bakin kuwa bai sami rabo a ciki ba.

Abin da alƙalami ya kama da wanda ya kuɓuce masa

Schön ya yi amfani da tsarin haruffan da Richard Lepsius ya shimfiɗa a 1855 domin rubuta harsunan da ba su da rubutun boko. Ya yi aiki da haƙuri, ya kama ginin jimla, da jinsi, da jam'i, da ɗimbin kalmomi. Amma akwai ginshiƙai uku na tsarin sautin Hausa da rubutunsa bai tsaya a kansu ba.

Na farko shi ne baƙaƙen da muke yi wa ƙugiya a yau. Bahaushe ba ya rikita kafa da ƙafa, ko daka da ɗaka, ko bare da ɓare, amma kunnen da ya tashi da Jamusanci da Ingilishi yakan ji kowane biyun nan kamar abu ɗaya. Na biyu shi ne tsawon wasali, wanda ke cikin abin da ya raba gadon kwanciya da gadon da magada ke rabawa. Na uku shi ne karin sauti, wanda shi kaɗai ya raba kukan yaro da kukar miya, ya kuma raba farin launi da farin rashin ruwa. Dorugu yana furta duk waɗannan bambance-bambance a kowace jimla da ya yi wa Schön shifta, domin babu Bahaushen da zai yi magana ba tare da su ba. Sun fita daga bakinsa, ba su isa takarda ba, saboda kunnen da ke tsakani ba a horar da shi a kansu ba.

Abin lura shi ne malaman ajami sun riga sun warware wani ɓangare na wannan matsala tun kafin a haifi Schön. Suna rubuta ƙ da harafi dabam da na k, suna rubuta ɗ da harafi dabam da na d, suna kuma nuna dogon wasali. Ba su fi Schön ilimin nahawun Turai ba. Abin da suka fi shi kawai shi ne suna jin harshen. Boko ya ɗauki shekaru kafin ya cim musu. An fara da ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, sannan ƙamus na G. P. Bargery na 1934 ya nuna karin sauti da tsawon wasali, a cikin shekarun 1930 kuma haruffa masu ƙugiya suka shiga ɗab'i. Taron Bamako na 1966 ya yi ƙoƙarin daidaita rubutun tsakanin ƙasashe, ko da yake har yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Duk da wannan gibi, shiftar Dorugu taska ce. Ita ce doguwar maganar baka ta Bahaushe ɗaya, wanda aka san garinsu da shekarunsa, da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 19. Rubutun ajami na wancan zamani yawancinsa waƙa ne, mai bin ma'auni da amsa-amo, cike da Larabci. Dorugu kuwa zube ya yi, irin maganar yau da kullum. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da fassarar tarihin zuwa Ingilishi a maɗaba'ar Jami'ar Yale, tare da nazarin Hausarsa, suka haɗa shi da tarihin Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne. Ga mai son nazarin Damagaranci da sauye-sauyen da ya yi cikin shekara 150 da ɗoriya, nan ne mafari.

Komawa gida

Dorugu ya baro Ingila a 1864. Ya dawo da abin da Hausawa ƙalilan ne suke da shi a lokacin: Ingilishi na ji da na faɗa, da karatu da rubutun boko. Da wannan ya ci abinci, yana aikin tafinta ga Turawa iri-iri da suka yi ta shigowa yankin Kwara da Binuwai da ƙasar Hausa. Aikin tafinta sauraro ne zalla, ba a ba shi damar ya ce a maimaita sau uku, kuma kuskuren kalma ɗaya tsakanin sarki da baƙo yana iya jawo fitina. Matsayi ne kuma mai wuyar zama. Mutumin da ya bar gida bawa, ya dawo da sunan Turawa da addininsu da harshensu, a daidai lokacin da Turawan ke shirin mamaye ƙasa, ba zai rasa masu kallonsa da shakka ba ta kowane ɓangare. Bai kamata mai karatu ya manta cewa ilimin harshen da Dorugu ya taimaka aka gina, da shi ne mishan da sojoji da jami'an mulkin mallaka suka koyi Hausa. Robinson da waɗanda suka biyo shi a kan harsashin Schön suka ɗora.

Ƙarshen rayuwarsa a Kano ya yi shi. A 1909 Hanns Vischer, haifaffen Basel wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, a Nasarawa, bayan ganuwar birni. An fara da horar da malamai, aka ƙara da ƴaƴan sarakuna da masu koyon sana'a, kuma da Hausa ake koyarwa. Vischer yana bukatar wanda ya iya rubuta Hausa da haruffan boko, irin waɗannan kuwa a lokacin ana iya ƙirga su da yatsu. Dorugu, yana dattijo mai kusan shekara 70, ya zama ɗaya daga cikin malaman wannan makaranta. Ɗalibansa da yawa malamai ne da suka san Larabci da ajami. Abin da ya rage musu shi ne su ɗaura sautukan da suka sani a kan sababbin haruffa, wato aikin da shi kansa ya yi a Chatham shekara 50 da suka wuce.

Ya rasu a Nasarawa a 1912, shekarar da Vischer ya wallafa ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. Isabelle Vischer, matar Ɗan Hausa, ta ambace shi a littafinta na Faransanci da ya fito a 1917, inda ta ba da labarin kayan da aka tarar ya adana, har da tarin tabarau. Daga malaman da Nasarawa ta yaye aka sami waɗanda suka buɗe makarantun larduna, daga nan zuriyar da ta rubuta littattafan Zariya da jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta 1939 ta fito.

Kammalawa

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, kuma rayuwar Dorugu ta ba wannan magana wata ma'ana a fagenmu. Ga wanda zai fita daga wannan sashe ya koyar da Ingilishi a Gure ko Kance ko Magarya, darasin a fili yake. Ajin da ya ƙare a kwafar rubutu daga allo zai yaye ɗalibin da ke amsa tambayar takarda, amma ya daburce idan aka yi masa magana. Karanta wa yara nassi da murya kafin su gan shi, da sa su saurari rediyo ko muryar da aka naɗa a waya, da gwada musu kalmomi biyu-biyu masu bambancin sauti ɗaya, duk ba su bukatar kuɗi mai yawa, kuma su ne ke share wa karatu hanya.

Ga wanda zai fita aikin tattara bayanai a kan Barbarcin Manga ko Tubanci ko Buzanci, Schön ne madubinsa. Mutum ne mai himma da gaskiya, ya yi shekaru da mai harshen a cikin gidansa, amma sautukan da babu su a harshensa suka wuce shi. Duk mai nazarin harshen da ba nasa ba yana cikin wannan haɗari, har da Bahaushen da ke rubuta Kanuri. Maganinsa shi ne horar da kunne kafin a ɗauki alƙalami, da komawa ga mai harshen a tambaye shi ko abu biyun da aka ji ɗaya ne ko dabam.

Saura haƙƙin mai ba da bayanai. Mun san Dorugu ne domin an rubuta sunansa da garinsu, aka bar shi ya faɗi labarinsa da bakinsa. Tsofaffin da ke zama da mu a zaure suna jure tambayoyinmu na kundin digiri sun cancanci a rubuta sunayensu, idan sun yarda, a kuma koma musu da abin da aka rubuta. Tarihin Dorugu kansa yana jiran ɗalibin da zai mayar da shi cikin ƙa'idar rubutu ta yau, ya sa masa ƙugiyoyinsa, ya kai shi Dambanas a karanta wa mutanen garin su ji ko har yanzu haka suke magana.